In na'ura ce ta ce a karɓi yaro ko a maida shi gida, wa ya rubuta mata dokar?

Masu saurarenmu na Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa, da ku ƴan uwa da ke biye da mu daga Kano, Legas, Agadas, Tamanrasat da Libiya, kun san wannan labari ko da ba a gidanku ya faru ba. Damana ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, masassara ta cika gari. Mata biyu suka fito daga gari guda, kowace da yaro a goye, suka je gidan likita rana guda. Aka rubuta ɗaya, aka ƙirga mata ledojin abincin tamowa na mako guda. Ɗayar kuwa aka ce ta koma gida, ko kuma aka ce maza ta wuce babban asibiti a kwantar da su. Kafin magariba salula ta yi ƙara daga ƙasar waje: don me aka ba ɗan wance aka hana namu? Sai an san mutum ne?

Galibi ba sanayya ba ce. Majo da ma'aikatansa jadawali suke bi, wanda aka rubuta tun kafin a haifi yaron, kuma shi ke faɗin wa za a karɓa, wa za a tura gaba, wa za a sallama. Masana harkar kwamfuta na kiran irinsa jadawalin yanke hukunci. A yawancin gidajen likitanmu yana kan takarda, manne a bango ko a cikin kan ma'aikaci. Amma a ƙasashe maƙwabta an riga an zuba shi cikin tablet, ya haɗu da rajista da rahoton wata, kuma can duniya ta nufa. Shi ya sa muka ga gara mu buɗe shi mu duba cikinsa tun yanzu.

Abu ne da muka daɗe da sani

Kada sunan ya tsorata kowa. Duk manomin da ke fidda zakka da irin wannan jadawali yake aiki. Abin da aka girbe yana cikin abin da ake fidda wa zakka, kamar hatsi da dawa da masara? Ya kai nisabi? Ruwan sama ya shayar da shi, ko da wahala da kuɗi aka ɗaga ruwan? In ruwan sama ne, ɗaya cikin 10. In ban-ruwa ne da inji, ɗaya cikin 20. Kun ga mutumin Jiratawa guda yana iya samun hukunci biyu a shekara guda, hatsinsa na tudu da nasa, masararsa ta filin ban-ruwa da nata. Haka awaki da tumaki: daga 40 zuwa 120 dabba guda, in sun kai 121 biyu, in sun kai 201 uku. Mai 39 babu komai a kansa. Sauran filla-filla na malamai ne. Mu siffar abin muke so a lura da ita: tambayoyi a jere, kowace da amsarta, kuma duk yadda amsoshin suka haɗu akwai hukunci guda da ke jiransu. In an zana shi a allo, tambayoyin suna sama, kowane layi a ƙasa doka ce guda. Layin babu ruwansa da sunanka ko na ubanka.

Jadawalin tamowa na yara ne ƴan wata 6 zuwa 59. Ana naɗa igiyar awo a tsakiyar damtsen yaro. Ƙasa da milimita 115 ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 ruwan ɗorawa, matsakaiciya. Daga 125 zuwa sama tsanwa. Sai a auna nauyi da tsawo a ga ko sun dace da juna. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In rami ya zauna a duka biyun, kumburi ne, kuma tamowa mai tsanani ce ko da igiya ta nuna tsanwa.

Wannan rabin farko ke nan. Rabi na biyu shi ne ina za a yi jinya. Ana ba yaron abincin gujiyar nan na leda, Plumpy'Nut, a zauna a ga ko zai ci. In ya ci, kuma babu wata alamar haɗari, sai a rubuta shi a CRENAS: uwa ta tafi gida da ledoji gwargwadon nauyinsa, ta dawo duk mako. In ya ƙi ci, ko kumburin ya game jiki, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to sai CRENI, a kwantar da shi. Mai ruwan ɗorawa kuma wurinsa CRENAM, inda take aiki. Don haka matar da aka tura babban asibiti ba korar ta aka yi ba, ɗanta ne ya faɗa layin da ya fi nauyi.

Layin nan na "ya ci, babu haɗari, ya tafi gida" jihar Maraɗi na cikin wuraren da suka nuna wa duniya amfaninsa. A da duk yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi, uwa ta bar gida da gona da sauran ɗiya na makonni, gadaje kuma ba su isa. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jiharmu, kuma mafi yawa a gida suka warke da zuwan mako-mako. Ledar gram 92 ce, kuma kamfanin STA na Yamai na cikin masu yin ta.

Inda kan mutum ke gajiya

To me ya kawo maganar na'ura, tun da takarda na aiki? Lissafi ne. Tambayoyi 4 masu amsar e ko a'a suna iya haɗuwa ta hanya 16. In tambayoyin 10 ne, hanyoyin sun zama 1,024. Ga shi yaro ba da tamowa kaɗai yake zuwa ba. Tsarin PCIME, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da UNICEF suka fito da shi a shekarun 1990, yana son a duba tari, gudawa, zazzaɓi, kunne, ƙarancin jini da rigakafi, duk a zama guda. Ko ƙirga numfashi yana da layi biyu: ɗan wata 2 zuwa 11 sai ya kai 50 a minti guda ake cewa yana numfashi da sauri, ɗan wata 12 zuwa 59 kuwa 40 ya isa. Ma'aikaci guda a watan Satumba, mata sun cika rumfa har waje, tun safe bai sha ruwa ba, dole wata tambaya ta kuɓuce masa. Na'ura ba ta gajiya, kuma ba ta buɗe shafi na gaba sai an amsa na baya.

Shi kansa jadawalin yana da cututtuka biyu. Ta farko giɓi. A ce mai rubutawa ya sa "ƙasa da 115" a layi guda, "sama da 115" a wani layin. Yaron da hannunsa ya faɗa daidai 115 fa? Mutum zai yi hankali ya san inda zai sa shi. Na'ura kuwa ko ta tsaya cak, ko ta jefa shi wani wuri shiru babu wanda ya sani. Ta biyu karo, wato layi biyu su kama yaro guda da hukunci mabambanta. Mai kumburi jikinsa ruwa ne, sikeli na nuna shi da nauyi, igiya ma wani lokacin tsanwa take nunawa. Layin tsanwa na cewa ya tafi gida, layin kumburi na cewa a riƙe shi. Dole a rubuta ƙarara wanne ke gaba, kuma a harkar lafiya dokar ita ce hukunci mafi nauyi shi ke ci. Wani alherin zana dokoki a jadawali shi ne akwai manhajojin da ke bin layukan ɗaya bayan ɗaya su nuna inda giɓi yake da inda ake karo tun kafin a kai abin gaban marar lafiya. Dokar da aka watsa cikin dogon rubutu na shafi 100 ba a iya yi mata haka.

Magudanar ruwa da jerin masu ruwa

Jadawali shi kaɗai amsa yake bayarwa, ba ya aiki. Aikin yana cikin jerin matakai: a rubuta yaro, a auna shi, a yanke hukunci, a ba da abinci da magani, a rage adadin daga magaza, a sa ranar dawowa, a aika a neme shi in bai dawo ba, a haɗa lissafin wata a tura wa gunduma. A kan takarda kowane mataki da rajistarsa da hannun da ke cika ta, kuma tsakanin rajista da rajista abubuwa ke ɓacewa. In an ɗaura jadawalin cikin wannan jeri a na'ura, amsarsa ita ke tada mataki na gaba da kanta. Da ta ce CRENAS, sai adadin ledoji ya fito daga nauyin yaron, magaza ta ragu da wannan adadi, sunan ya shiga jerin waɗanda ake jira mako mai zuwa. In mako ya zagayo babu shi, sunan ya hau jerin da za a ba ɗan sa-kai na garinsu.

Masu gina irin wannan tsari sun koyi darasi guda da wahala: kada a cakuɗa dokar da hanyar. Mutanen Jiratawa za su fi kowa ganewa. Magudanar ruwa sau guda ake gina ta da siminti, amma jerin wa ke da ruwa yau, wa ke da shi gobe, a takarda yake, ana sake shi ba tare da an fasa magudana ba. Matakan aiki su ne magudanar, jadawalin shi ne jerin. In aka binne dokar cikin cikin manhaja, duk ranar da likitoci suka sake lamba guda sai an nemo injiniya ya tone komai. In tana gefe a jadawalinta, likita da kansa na iya karantawa ya ce layi na 7 ba daidai ba ne. Wata ƙungiyar tsara ƙa'idojin kwamfuta mai suna OMG ta fitar da salon zana matakan aiki, BPMN 2.0, a 2011, sannan ta fitar da na rubuta jadawalin hukunci, DMN, a 2015, don bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatu su riƙa rubuta su iri guda. Ku ma kuna cin karo da su kullum. In ka nemi bashin kiredi a salula aka ba ka ko aka hana ka cikin daƙiƙa guda, babu wani mutum da ya duba fuskarka. Layi ne ya duba tsawon zaman layinka da yadda kake sa kuɗi. A 2021 OMS ta bi wannan sawu, ta fara fitar da shawarwarinta a wannan siffa, da na awon ciki ta fara: ga zanen matakai, ga jadawalin hukunci, kowace ƙasa ta ɗauka ta daidaita da dokokinta.

Lambobin kuwa suna sakewa. Kafin 2009 iyakar ja milimita 110 ce. A wannan shekara OMS da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115. Milimita 5, bai kai faɗin ƙwayar wake ba, amma yara masu ɗimbin yawa da a da ake maida su gida suka shiga jinya. A zamanin takarda irin wannan sauyi sai an sake buga igiyoyi da allunan bango, an tara ma'aikata horo, kuma a yi watanni wani gari na bin sabuwa wani na bin tsohuwa. A na'ura gyaran wuri guda ne, ya isa ko'ina da zarar tablet ta samu rezo. Sai dai da wannan saurin kuskure ma ke tafiya. Kuma ranar da kuɗin masu tallafi suka ragu, wani a ofis na iya matse lambar a dare guda, gari ya waye ana maida yara gida, majo ma bai san an taɓa komai ba. Nan ne damuwarmu take.

Ba tatsuniya muke ba. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiya sun zuba PCIME cikin tablet, shirin da ake kira IeDA tun 2014, har ya kai gidajen likita sama da 1,000. A jihar Adamawa ta Nijeriya ƙungiyar agaji ta CICR da wata cibiyar binciken cututtuka ta birnin Basel a Suwizalan sun kawo irinsa mai suna ALMANACH daga 2016, kuma cikin manufofinsa har da rage rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ga yaron da mura kawai ke damu. Mu a Nijar lissafin wata-wata na gidajen likita yana shiga manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norwe ta ƙera. Amma a bambance: wannan ƙirga abin da ya riga ya faru take yi, ba ita ke yanke wa yaro hukunci ba.

Abin da na'ura ba ta gani

Na'ura abin da aka ba ta take ci. In an ja igiya da ƙarfi, 116 ta zama 113. In an sake ta, 113 ta zama 116, kuma wannan ne mai kisa. Sikelin da ba a daidaita ba ƙarya yake yi da lambobi masu kyan gani. Shekaru ma haka: yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, sai a ce an haife shi bayan Sallar layya ko lokacin girbin hatsi, alhali tsakanin wata 11 da wata 12 akwai layi, tsakanin 59 da 60 akwai ƙofa. Takarda in ta yi kuskure ana ganin gogewar biro. Allon tablet kuwa da ƙarfin hali yake nuna amsa, har ma'aikaci ya ji nauyin musa masa ko idonsa na gaya masa yaron nan ba lafiya.

Sannan jadawali na iya cewa a ba da ledoji kaza alhali magaza wayam. Tsari mai kyau yana ganin kaya na raguwa ya yi kuka tun da sauran makonni. Marar kyau yana rubuta "an bayar" don kawai shafi ya rufe. Ga wuta, ga rezo: tablet ɗin da ba ta aiki sai da intanet ba ta ƙauyukanmu ba ce, dole ta iya aiki ita kaɗai da hasken rana, ta aika bayanan daga baya.

Abin da ya faru a Ostireliya ya isa ishara, ko da yake ba harkar lafiya ba ce. Gwamnatin ƙasar ta sa kwamfuta ta binciko waɗanda wai sun karɓi tallafin da ya wuce haƙƙinsu. Dokar da aka ba ta ita ce ta ɗauki abin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai wa daida a kan kowane mako biyu. Duk manomi ya san wautar wannan: abin da ka samu da kaka ba shi ke hannunka da bazara ba. Masu aikin lokaci-lokaci suka zama mabarata a takarda. Daga 2016 aka janye ma'aikatan da ke duba takardun da ido, wasiƙun bashi suka riƙa fita da kansu zuwa ga dubban ɗaruruwan mutane. Sai a 2019 aka tabbatar a kotu cewa lissafin ya saɓa doka, gwamnati ta maida kuɗi, kuma babban kwamitin bincike ya fitar da rahotonsa a 2023. Layi guda ne ya karkace, aka kuma toshe ƙofar da mutum zai ce a tsaya.

Mu dai a ganinmu na'urar alheri ce in ta zo, don ma'aikacin da ya gaji ya fi ta mantuwa, kuma ita ba ta san ɗan sarki ba. Amma jadawalin da ke cikinta ba sirri ba ne, bai kamata ya zama sirri ba. Kwamitin kula da gidan likita, COGES, yana da hurumin neman a manna shi a bango da Hausa, da ranar da aka sake shi da sunan hukumar da ta sa hannu. Dole kuma a bar wa majo ikon ya tsallake amsar na'ura in idonsa ya ga abin da layi bai gani ba, ya rubuta dalili, wani na sama ya duba. In aka ga ana yawan tsallake layi guda a garuruwa dabam-dabam, to layin ne ke son gyara.

Ku da ke waje, in an kira ku an ce an maido yaro, tambayar da za ta yi amfani ita ce nawa igiya ta nuna, an danna ƙafa, an gwada shi da abinci, yaushe aka ce a dawo. A roƙi ma'aikaci ya rubuta lambar a karne. Yaron da ya nuna 127 yau yana iya sauka ja cikin ƴan makonni in gudawa ko masassara ta kama shi, kuma jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a dokar ƙasa tun 2006, don haka komawa ba roƙo ba ne.

Awon ma ba sai likita ba. A Mirriya ta jihar Damagaram ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata riƙe igiyar da kansu, aka kuma tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, ga shi suna kawo yara da wuri. Hannu a sake yake, ba a lanƙwashe ba. Igiya a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta kwanta a fata ba matsi ba sako-sako, a karanta launin da ya fito a ƴar tagar. Sau guda a mako ya isa, sai kuma duk lokacin da yaro ya yi ciwo. Jaririn da bai kai wata 6 ba wannan jadawali ba nasa ba ne. Shi in ya rage kama nono ko aka ga yana ramewa, a kai shi gidan likita a ranar, ba sai an nemi igiya ba.